Ƙararrawa Huɗu a Wuyan Auta

A Yalwawa ta cikin Dutse, in ka ce Hassana sai a tambaye ka wacce, don Hassanonin unguwar da yawa. In ka ce Hassana mai ƙuli kuwa, kowa zai nuna maka gidan, mai katangar ƙasa, wanda ƙanshin suyar gyaɗa ke tarbar mutum tun daga zaure. Asalinta 'yar wani ƙauye ce a bayan Kiyawa. Aure ya kawo ta Dutse tun garin bai yi mafarkin zama babban birnin jiha ba. Mijinta mai haƙar rijiya ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Zakiyya, ita ma ta yi aure ta tafi. An yi ta kawo wa Hassana maganar wani auren, ta ce ta ji, ta ci gaba da matsar manta. Mace ce marar hayaniya, mai sayen ƙuli ma sai ya matso kusa yake jin abin da ta ce.

Mai matsar man gyaɗa ba ta rasa tunkuza, mai tunkuza kuma ba ta rasa dabba a turke. Kowace shekara Hassana kan ɗaure rago, ta ciyar da shi ya yi ƙiba, Babbar Sallah na matsowa a kai shi kasuwa. Ba ta taɓa sa wa ko ɗaya suna ba, don ta san inda za su.

Wata shekara ƙaninta Maharazu, ɗan acaɓa ne, ya sayo tunkiya a kasuwar Shuwarin ya kawo mata kiwo, a kan duk abin da ta haifa su raba. Tunkiyar ta haifi ɗa namiji guda, ita kuma ba ta tashi daga haihuwar ba. Hassana ta shayar da marayan da nonon akuyar maƙwabta, ta riƙa kwantar da shi a gefen murhu. Ya tashi yana bin ta daga bakin turmi zuwa bakin kasko, in ta shiga ɗaki ya tsaya a ƙofa yana kuka. Wata rana ta ji bakinta ya ce, "Auta, zo ka ci." Nan take ta san ta janyo wa kanta. Ta so ragon nan, so na gaske, ta kuma san rabinsa na Maharazu ne. Rago ɗaya kuwa ba ya rabuwa biyu sai a kasuwa ko a ƙarƙashin wuƙa.

A zamanin nan masu raguna na yankin suna da wata haɗaka da suke kira Karo. Fage huɗu gare su: na Kiyawa, na Shuwarin, na Yalwawa, da wani can cikin karkara da ake ce wa Tsamiyar Gaji. Kowane fage yana da ragonsa na tsaron ƙofa, ƙato wanda ya san sana'ar. Bayan an gama girbi sai a buɗe fagagen. Wanda ya yarda da ragonsa sai ya kai shi ya kara da mai tsaron ƙofa, in ya kore shi a rataya masa ƙaramar ƙararrawa ta tagulla a wuya. Ragon da ya tara huɗun nan kaɗai ke shiga Babban Karo, wanda ake yi a wani fili a gindin duwatsu, ana saura kwanaki kaɗan Sallar Layya.

Dokokin ba su da yawa, kuma a ka suke. Ana buɗe bakin rago a duba haƙora, don kada a haɗa yaro da tsoho. Da zarar an saki raguna hannu ba ya taɓa su, tun da wani ya shiga rabiya ya koma gida da gwiwa a karye. Karo yana ƙarewa ta hanya uku: ko rago ya juya ya gudu, ko ladan ya kira magariba a tashi babu wanda ya ci, ko mai rago ya ga abinsa zai halaka ya kira shi, ya fito, an ci shi ke nan amma da ransa. A kan wannan kiran akwai wata doka mai tsanani. A da wasu kan aro raguna daga nesa su ce kiwonsu ne, don haka aka yanke cewa duk ragon da ya amsa muryar wani ba wanda ya shigo da shi ba, za a kwance masa ƙararrawa duka. Mata ba sa shiga fage. Ba wanda ya hana su, ba wanda kuma ya taɓa tunanin tambaya.

Wanda ya ci Babban Karo ana ɗaura masa kambu, jan ƙiri na fata da baduku ya yi wa ado. Daga ranar ya huta. Masu tumaki za su riƙa layi a ƙofar gidan mai shi don barbara, kuma ba a sayar da shi, ba a yanka shi. Mai tsaron wannan doka shi ne Sarkin Karo, Malam Nata'ala, tsohon mahauci. Mutumin da ya yanka ragunan da Allah kaɗai ya san yawansu, shi ne ya ƙare da hana a yanka guda ɗaya a shekara.

Hassana ba ta san komai a kan wannan ba sai ranar da Maharazu ya zo da maganar kasuwa. Sallah biyu tana roƙonsa ya ƙara haƙuri, ragon bai gama cika ba. A ta uku ya shigo da babur ɗinsa har tsakar gida, ya kafe shi kusa da turke.

"Yaya, bana dai kam babu wani sai baɗi," in ji shi. "Ragon nan ya fi ni ƙiba."

Bai rufe baki ba Auta ya hango kansa a jikin tankin babur ɗin, ya ja da baya iyakar igiya, ya zo ya kai masa karo. Babur ya faɗi, madubi ya tarwatse. Hassana ta jira faɗa. Sai ta ga Maharazu ya tsugunna yana shafa goshin ragon kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Yaya, wannan ai ba na kasuwa ba ne. Na fage ne."

"A'a. Ban ciyar da shi don a fasa masa kai ba."

"To ki ji yadda abin yake." Ya yi mata bayanin fage da ƙararrawa, tana juya ƙuli a kasko ba ta ko kalle shi ba. Da ya zo kan kambu sai ta ajiye matsami.

"Ba a yanka shi, ka ce?"

"Ko shi kaɗai ya rage a duniya."

"Ba a kuma kai shi kasuwa?"

"Wa zai fara? Ai sai Malam Nata'ala ya tara masa gari."

Ta ce ya dawo bayan girbi.

Haka aka raba aikin. Ita ce da tunkuza da dusa da harawa, ita ce da jiƙa kanwa, ita ke wanke shi da sabulu ta shafe ƙahonnin da man gyaɗa. Maharazu shi ne da jan igiya a hau duwatsu da safe don ƙafa ta yi ƙwari, shi ne kuma da baki. Ya ce Auta ba sunan fage ba ne, wa zai ji tsoron Auta? Ya raɗa masa Guduma. Kafin wani lokaci 'yan acaɓar Dutse duk sun san Guduman Maharazu, suna yi masa kirari a tasha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hassana ba ta damu ba, ita ba suna take nema ba.

Ranar da aka kai shi fagen Yalwawa, tana cikin gida tana daka. Wajen la'asar sakaliya ta ji wani ɗan ƙara yana tahowa ta lungu, cin-cin-cin, tare da ihun samari. Ba ta tambayi kowa ba. Daga nan ta koyi karanta labarin fage da kunne. In suka dawo ta ji amon ya ƙaru, an samu. Ranar da suka je Tsamiyar Gaji suka dawo da amon da suka tafi da shi, sai ta ɗauka an ci shi, har Maharazu ya ce magariba ce ta raba, ba gudu ya yi ba. Suka koma a kasuwa ta gaba suka karɓo. Ragon ɗan ƙasa ne, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya burge mai kallo sai an sake shi. Yakan ja da baya har mutane su fara dariya, su ce ya tsorata, alhali ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A duk wannan zirga-zirga akwai abin da ba wanda ya lura da shi, har su biyun. Maharazu bai taɓa kiran ragon ba. A hanya da igiya yake jansa, a fage kuma ba a taɓa cin sa ba balle a bukaci kira.

Babban Karo na shekarar dubu biyu ya tara mutane fiye da kowanne. Tun da Dutse ta zama hedikwata, ma'aikata da 'yan kwangila suka cika unguwar Takur, abin ya tashi daga wasan manoma. An shiga kawo manyan raguna a bayan mota, ana kuma caca a bayan fage, Malam Nata'ala yana faɗa ana ba shi haƙuri ana ci gaba. Ran nan Hassana ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cika faranti da ƙuli, ta yafa mayafi, ta je ta zauna can baya cikin masu sayar da fura da ƙosai. Daga inda take ba a ganin komai sai bayan riguna.

Auta ya kori na farko, ya kori na biyu. Aka zo na ƙarshe, shi da Tirela, wani farin balami na Alhaji Ɗanmusa ɗan kwangila, rago mai tsayin ɗan maraƙi. Fage ya yi tsit. Hassana ta ji haɗuwar farko, ƙara mai cika kamar taɓarya ta sauka a tsakiyar turmi. Ta ji ta biyu, ta ji waɗanda suka biyo baya, kowace haɗuwa jama'a su ɗauki ihu. Can sai wata ta zo da wani amo daban, irin na tukunyar da ta tsage. Masu ihu ba su ji ba. Ita da ta shafa ƙahonnin nan da hannunta kullum, ta ji.

Bayan haɗuwa biyu kowa ya gani. Ƙahon hagu ya karye daga tushe yana reto, jini ya wanke wa Auta rabin fuska. Malam Nata'ala ya ɗaga sanda ya ce, "Maharazu, kira ragonka."

Maharazu ya yi jim, don yana hango kambu a hannun Sarkin Karo. Da ya ga ragon ya durƙusa ya sake miƙewa, sai ya ƙwala, "Guduma! Guduma, fito!"

Ko kunne ragon bai kaɗa ba. Ya ja da baya, ya sake zuwa.

"Guduma! Kai, Guduma!"

Wata mai fura da ta hau kan benci tana leƙe ta ce, "Wayyo, wannan mutuwa zai yi a ciki. Mai shi yana kira ya ƙi ji."

Hassana ta san dokar, Maharazu ya faɗa mata. In ta yi shiru, wataƙila Tirela ya gaji ya juya, a ɗaura kambu, ta samu abin da ta yi shekaru tana nema. In ta buɗe baki, ƙararrawa huɗu sun tafi, kambu ya tafi, ragon ya koma abin kasuwa. Ta ji an sake haɗuwa, amon ya fi na baya muni. Ta miƙe, farantin ya zube daga cinyarta.

"Auta! Auta, zo ka ci!"

Waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa sanin tana da murya irin wannan ba. Ragon yana tsakiyar ja da baya ya tsaya cak. Ya juya, ya bar Tirela a tsaye, ya nufi jama'a, aka dare masa hanya. Ya zo yana tangaɗi ya cusa kansa a jikin zanenta, jinin ya ɓata mata mayafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Nata'ala ya biyo sawun jinin har inda suke, jama'a na bayansa. Ya dubi matar, ya dubi Maharazu.

"Ragon wa ne wannan?"

Maharazu ya waiga. Abokansa 'yan acaɓa suna nan, waɗanda suka yi asara a caca suna nan, wani ya yi dariya a baya.

"Da kai nake. In naka ne, kira shi ya zo."

Kunya da haushi suka turnuƙe shi. Ya jefar da igiyar a ƙasa ya ce da ƙarfi, "Ba nawa ba ne! Nata ne, ga ta nan. Ni ba ni da ko gashi ɗaya a jikinsa."

"Jama'a kun ji?" in ji Malam Nata'ala.

Aka ce an ji. Tsohon ya sunkuya ya kwance ƙararrawar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce mata a hankali, "Baiwar Allah, ki yanke ragowar ƙahon, ki ɗaure wurin, kada ƙuda ya taɓa." Ya koma ya ɗaura wa Tirela kambu. Hassana ta taho gida da ragonta ba igiya, yana bin ta a baya. Ita ce dawowarsa ta farko da ba a ji komai a lungu ba.

Sallar shekarar dai ta wuce lafiya, don ragon da ƙahonsa ke jini ba ya layya, Maharazu kuma fushi ya hana shi taka gidan. Da damina aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Ba da jimawa ba aka yi shela cewa an hana Karo, saboda caca da wahalar da dabbobi. Wasu suka ce an yi daidai, wasu suka yi gunaguni a zaure. Malam Nata'ala ya ce shi dama ya faɗa, ya tattara ƙararrawa ya zuba a tsohuwar jaka. Fagen Yalwawa aka yanka shi filoti. Da babu fage, babu wanda ke kawo tunkiya ƙofar Alhaji Ɗanmusa, babu kuma wanda zai tara masa gari. A Sallar da ta biyo baya Alhajin ya kwance wa Tirela kambu ya yi layya da shi, ya raba naman har Yalwawa.

A cikin makon Sallar nan ne Maharazu ya yi sallama da igiya a hannu. Ciwon Auta ya warke, ya mayar da jikinsa, sai dai ƙaho ɗaya.

"Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Na tambayi malam, ya ce tun da ya warke ya halatta. Akwai mai saye."

Hassana tana murza tunkuza, ba ta ɗago ba. "Wane rago?"

"Wane rago kuma? Namu mana."

"Na ji wani ya ce ba shi da ko gashi ɗaya a jikinsa."

"Haba Yaya, ai maganar fushi ce."

"Magana zarar bunu ce, Maharazu. A gaban mutanen Kiyawa ka faɗa, da na Shuwarin, da na Takur. Yanzu ga shari'a ta zo, alƙali shaidu biyu kawai yake nema. Ni fage guda gare ni."

Ya tsaya yana juya igiyar. Can ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗebi ƙuli a faranti ya fita. Daga baya ta ba shi 'yar tunkiya daga cikin kiwonta, ba don ya tambaya ba, suka koma gaisawa kamar da.

Auta ya zauna a gidan shekaru. Hassana ta ci gaba da ɗaure wasu ragunan marasa suna, suna zuwa suna tafiya, shi yana gefe. Haƙoransa suka zube, ta koma dama masa dusa da ruwan ɗumi. Maƙwabta suka yi ta tsokanarta, wai ta ƙi auren mutum ta auri rago. Takan ce shi dai ba ya tambayar ina tuwo ya kwana.

Wata safiya ya kasa tashi. Labari ya zaga unguwa, mata suka leƙo, kowace da magana ɗaya: a yi maza a yanka kada ya yi mushe, nama ne, ba kyau asara. Aka aika aka kira Maharazu. Ya zo, furfura ta fara fito masa, ya tsugunna kusa da yayarsa, wuƙa a kube cikin aljihu.

"Yaya, numfashin ya yi nisa. In za a yi, yanzu ne."

Tana zaune a ƙasa, kan ragon a cinyarta, tana shafa gurbin ƙahon da ya karye. Ta san gaskiyarsu, ita ma da wannan tarbiyyar ta tashi, kuma abin ya dame ta ƙwarai. Ta ce, "Na sani. Bar ta a aljihunka."

Ya cire hannu daga aljihu. Ya zauna tare da ita har hantsi ya ɗaga, ragon ya ja numfashi ya saki. Matan suka watse suna salati, wata tana cewa wannan naman da ya ishi gida biyar. Maharazu ya ari fartanya da shebur a maƙwabta, ya haƙa rami a bayan turke.

Da suka gama mayar da ƙasa ya tsaya yana share gumi. Ya ce, "Kin san duk waɗanda suka ci kambu, babu wanda ya kai ƙarshe? Da aka hana Karo, ɗaya bayan ɗaya aka yanka su."

"Na ji," in ji Hassana.

Ta ɗauki kwanon da take zuba masa dusa, ta wanke, ta kife shi a kan katanga. Da la'asar, lokacin da ta saba ba shi abinci, maƙwabciyarta ta ji ta ta bayan katanga ta fara cewa, "Auta, zo ka..." sannan ta yi shiru.